Kishin Ƙasar Ɗan Maraya a Tasha Yake

Duk sanda hira ta biyo ta kan marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos a rumfunanmu na nan Gadau, sai ka ji an ce ai mai kishin ƙasa ne, tunda ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Gaskiya ne, ya yi. Amma mu dai ba nan muke ganin ƙarfinsa ba. Waƙoƙin nan sun ƙarfafa gwiwar mazaje a lokacinsu, to yau wa ke neman su?

Abin dubawa shi ne wanda ya zaɓa ya yaba. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, kuma da maraici ya same shi tun yana ƙarami, sarkin ne ya riƙe shi. Ke nan ƙofar fada a buɗe take gare shi. Sai ya ɗauki kuntigi, gwangwani ne fa kawai da fatar akuya da tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi ba kowa, ya yi wa karen mota waƙa.

Mu 'yan kasuwa mun san karen mota. Shi ke loda mana buhuna a tashar Azare, shi ke kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kayanmu, in buhu ɗaya ya ɓace kuma shi ne abin zagi. Sau nawa muka tambayi sunansa? Ɗan Maraya ya ɗaga shi a gaban jama'a, ya nuna cewa wannan ma ɗan ƙasa ne mai cin guminsa.

Haka "Jawabin Aure", inda shi kaɗai ke ɗaukar muryar miji da ta mata. Mu da ake kira sulhun ma'aurata, wallahi abin da muke tararwa ke nan a zaure. Aibinta ɗaya, raha ta kan rinjayi nasihar, a yi dariya a watse.

Ba mu ce bai wasa masu hannu da shuni ba, sana'a ce. Amma tun rasuwarsa ran 20 ga Yuni 2015, cikin azumi, muke kasa kunne ko cikin masu waƙar siyasa da ke cika mana wayoyi wani zai tuna da ɗan dako ko mai turin kura. Har yanzu dai sunan ɗan takara muke ji.

Allah ya gafarta masa.