Ɓarawo a Cikin Aji: Matsayin Labaran Sata da Fashi a Manhajar Adabin Hausa, Tare da Duban Makarantun Kudancin Kaduna

Duk lokacin da aka zauna zaɓen littattafan zube da za a sa a manhajar sakandare, akwai wani rukuni na ƙagaggun labarai da akan tsallake ba tare da doguwar muhawara ba, wato labaran da taurarinsu ɓarayi ne waɗanda suka ɗauki sata a matsayin sana'a. Hujjar da akan bayar ɗaya ce, wai kada a koya wa yara ɓarna. Wannan ɓangare na rahoton zai sake duban wannan hujja ta fuskar adabi da ta fuskar aji, musamman azuzuwan Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, inda mafi yawan ɗalibai ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. A ganinmu, labarin satar da aka shirya tsaf amma ta wargaje yana cikin mafi ingancin kayan koyar da zubi da tsarin labari da muke da su, kuma tarbiyyar da ake tsoron zai rushe tana nan a cikin gininsa, muddin malami ya san inda zai nuna ta.

Ya kamata mu fara da ɗalibin kansa. Yaron Zonkwa ko Kwoi ko Kagoro yakan tashi da Jju ko Hyam ko Gworok a gida, sannan ya tsinci Hausa a kasuwa da tasha da majami'a. Kafanchan kuwa, tun daga 1927 da ta zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos, ta tara Ibo da Yarabawa da Hausawa a kan 'yan ƙasa irin su Fantswam da Kaninkon, har Hausa ta zama harshen da ke haɗa kowa. Wannan ɗalibi yana jin Hausa sarai, amma Hausarsa ta baka ce, ta hulɗar yau da kullum. Idan aka miƙa masa littafin da ya cika da al'amuran fada da sarautu da kalmomin aro daga Larabci, yakan yi tuntuɓe sau uku a layi ɗaya, kuma da wuya ya kai ƙarshen babi. Abin da ke riƙe mai karatu a harshe na biyu har ya haƙura da kalmomin da bai sani ba shi ne ɗokin sanin abin da zai biyo baya. Babu labarin da ya kai na sata iya haddasa wannan ɗoki.

Ɓarawo kuma ba baƙo ba ne a adabin Hausa. Gizo na tatsuniya rabin rayuwarsa a kan kayan mutane take. A Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, ɓarayi biyu, Ɗanye da Dabo, su ne ke ɗauke da labarin, kuma aikin da ke gabansu shi ne sato 'yar sarki, Zulƙaratu. Amma misalin da ya fi dacewa da batunmu yana cikin littafin da babu kwamitin da ya taɓa jin tsoronsa, wato Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937. A labarin Sarkin Zairana da Sarkin Bokaye Gara, uba da ɗansa ne ke shiga taskar sarki suna ɗiba, har aka ɗana musu tarko, uban ya faɗa ciki ya kasa fita. Mafitar da ta rage ita ce ɗan ya sare kan mahaifinsa ya tafi da shi, don kada a gane gawar a biyo sawun gidansu. Labarin ya girmi Imam da nisa, domin masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya kawo irinsa a kan wani sarkin Masar tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, sai dai a can 'yan'uwa biyu ne. Abin lura shi ne yadda aka ƙulla shi. Da ɓarayin sun tsaya a shiga ta farko, da babu wanda ya kama su. Komawar da suka riƙa yi ita ta sa aka lura dukiya na raguwa, lurar ta haifi tarko, tarkon ya haifi yankan kai. Kowane mataki ɗan wanda ya gabace shi ne. Shekaru da dama ɗalibai na karanta wannan labari a makarantunmu, ba mu kuwa ji an ɗora wa Imam laifin fasa shagon kowa ba.

Irin wannan ƙulli shi ne marubutan Amurka da Ingila suka mayar da shi wani nau'i mai zaman kansa a tsakiyar ƙarni na 20. A The Asphalt Jungle na W. R. Burnett (1949), an fasa kantin lu'ulu'u an kwashe kaya, amma lauyan da ya yi alkawarin sayen kayan ashe ya tsiyace, kuma tun farko niyyarsa ya cuci abokan aikin. Wanda 'yan makarantar Nijeriya na shekarun 1970 da 1980 suka fi sani shi ne James Hadley Chase, wanda littattafansa suka riƙa yawo daga hannu zuwa hannu a ɗakunan kwanan ɗalibai har bangonsu ya yage. Baturen Ingila ne, amma yawancin labaransa a Amurka ya kafa su, da taimakon taswira da ƙamusun karin harshen can, abin da ke nuna cewa wannan nau'i ba ya jin wuyar ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa. A littafinsa The World in My Pocket (1959), mutum biyar ne suka shirya sace wata mota mai sulke da ke ɗauke da albashin ma'aikata na dala miliyan 1. Sun sami motar, sun ɓoye ta, amma suka kasa buɗe ta. Direban da suka ɗauka ya mutu ashe da sauran numfashinsa, shi ya harbe shugabansu. Gwanin buɗe makullin ya karaya ya gudu, maciji ya sare shi. Haka suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, kuɗin na nan a kulle ko sisi ba su taɓa ba.

Tsarin irin waɗannan labarai kusan ɗaya ne: a kawo shawarar aikin, a tara ma'aikata kowa da gwanintarsa, a aiwatar, sannan abu ya lalace. Gwanintar marubuci tana bayyana ne a wajen dasa sanadin lalacewar tun a shafukan farko, a cikin halin ɗaya daga cikin taurarin, ko haɗama, ko tsoro, ko son mace, ko bashi. Mutanen da suka haɗu don cin amanar wasu ba su da abin da zai hana su cin amanar juna, kuma ba su da alƙalin da za su kai wa ƙara. Marubucin ba ya tsayawa ya yi wa'azi, domin labarin ya riga ya yi masa.

A nan ne muke ganin raunin wasu daga cikin littattafanmu da suka taɓo wannan jigo. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1970 kuma ya daɗe a hannun ɗalibai, ya bi Ibrahim daga ƙauye zuwa birni har ya faɗa cikin miyagun abokai da aikata laifi. Littafi ne mai tsabtar harshe, ya kuma cika manufarsa ta jan kunnen matasa game da ƙaura zuwa birni. Sai dai mai karatu yana jin hannun marubucin a kafaɗar tauraron yana tura shi inda darasi yake. Ɗalibi mai wayo yakan hango ƙarshen tun da wuri, daga nan sai ya koma haddace jigo don jarrabawa. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya matsa gaba, domin ɓarawonsa, Alhaji Gabatari, ɗan fasa-ƙwauri ne mai babbar riga, wanda laifinsa ke tafiya da haɗin bakin ma'aikatan hukuma. Ya nuna cewa laifi na da tsari da ma'aikata da masu cin moriya, wanda shi ne rabin abin da wannan nau'i ke koyarwa.

Littafin da ya fi kusa da abin da muke magana a kai shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, wanda ya fito a 1982 tare da Turmin Danya, bayan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Tauraronsa Mailoma Bamaguje ne daga Tsaunin Gwano, wanda ya shiga soja, ya ga yaƙin basasar 1967 zuwa 1970, ya fito da sanin bindiga da ƙeƙasasshiyar zuciya, sannan ya tara irinsa ya kafa daular miyagun ƙwayoyi da kisa. Gagare bai ba shi uzuri ba, bai kuma mayar da shi dodon tatsuniya ba. Ya bar shi mutum mai lissafi, mai iya tsara aiki da sarrafa mutane, wanda hakan ne ya sa yake da ban tsoro. Sunan littafin ya riga ya faɗi inda za a kwana, saboda haka abin da ke jan mai karatu shi ne ta wace hanya za a isa can.

Dalilai biyu suka sa muke ganin littafin zai zauna da kyau a kudancin Kaduna. Na farko, duniyarsa ba ta fada ba ce. Akwai Maguzawa da sojoji da mutanen bariki da ƙabilu daban-daban, suna magana da Hausar da ta yi kama da wadda ɗalibin Kafanchan ke ji a tasha. Na biyu, sananne ne cewa wannan yanki ya ba rundunar sojan Nijeriya 'ya'yansa masu yawa, don haka tambayar da littafin ya tayar, ta me ke zama makomar mutumin da aka koya wa kisa sannan aka sallame shi, tambaya ce da gidaje da yawa suka san nauyinta. Amma littafin na da aibu da ba za mu rufe ido a kansu ba. Ya haura shafi 300, zubar da jininsa ya yi yawa, wani wurin ma ya wuce bukatar labarin, kuma yadda ake wulaƙanta mata a cikinsa ba abin da za a miƙa wa 'yan shekara 13 ba ne. Akwai kuma haɗarin ɗalibi ya fita da tunanin cewa rashin Musuluncin Mailoma ne ya sa ya zama abin da ya zama, fahimtar da za ta yi mummunar illa a ajin da Kirista da Musulmi ke zaune a benci ɗaya.

Wannan ya kawo mu ga hujjar masu adawa, wadda ba ma ɗaukarta da wasa. Ɗan fashi a wannan yanki ba tauraron littafi ba ne. A ranar 28 ga Maris, 2022, an tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a kusa da Katari, an kashe mutane an kwashe wasu zuwa daji, kuma a 2021 an kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun. Akwai yiwuwar a sami ɗalibi a aji wanda aka sayar da gonar cittar gidansu don biyan kuɗin fansa. Malamin da ya shiga irin wannan aji yana yaba wa dabarar ɓarawo ya yi babban kuskure. Ma'aunin da muke ba da shawarar a riƙe shi ne bambanci tsakanin kirari da labari. Waƙoƙin Muhammadu Gambo Mai Waƙar Ɓarayi, wanda ya bayyana tubarsa kafin rasuwarsa a 2016, taska ce ga mai nazarin harshe, amma waƙa irin ta Tsoho Tudu zuga ce, tana tsayar da ɓarawo a lokacin da tauraronsa ke haskawa ta bar shi a nan. Wannan sai jami'a. Labari kuwa dole ya ci gaba zuwa washegari, a zo rabon kaya, a fara zargin juna. Littafin da ya kai ɗalibi har wannan washegari shi ne ya cancanci shiga manhaja.

Bisa wannan ma'auni, labarin Sarkin Zairana ya dace da aji 3 na ƙaramar sakandare ko aji 1 na babba. Ƙarshen Alewa Ƙasa kuwa a tsamo zaɓaɓɓun babi a aji 2 da 3 na babbar sakandare, a bar karanta shi gaba ɗaya ga ɗaliban Hausa na kwalejojin ilimi, irin ta Gidan Waya, waɗanda su ne za su koyar da shi gobe. Tambayar da ya kamata ta ja ragamar darasin ita ce: a wane wuri ne aikin ya fara lalacewa, kuma halin wa ya jawo? Ɗalibi ba zai iya amsa ta da hadda ba, sai ya koma baya ya bi sawun labarin, wanda shi ne ainihin nazarin zubi da tsari. Akwai kuma ribar kalmomi. Hausa ta bambanta sata da sane da ƙwace da fashi da zamba da damfara da fasa-ƙwauri, kuma mai koyon harshe na biyu yakan tattara su duka a ƙarƙashin sata, alhali kowace da yadda ake yin ta da irin mai yin ta.

A darasin insha'i ana iya sa ɗalibai su ƙaga nasu gajeren labarin, su kafa shi a wurin da suka sani, kamar tsohuwar tashar jirgin Kafanchan ko rumbun citta a Kachia a lokacin kaka, da sharaɗin cewa sanadin wargajewar aikin ya fito daga cikin ƙungiyar, kada 'yan sanda su faɗo daga sama a shafin ƙarshe. Sharaɗi na biyu ya fi wannan muhimmanci. A garin da rikicin watan Maris na 1987 ya faro daga harabar kwalejin iliminsa, malami ya hana a ba ƙungiyar ɓarayin sunayen ƙabila ɗaya ko addini ɗaya, ya kuma karanta kowane rubutu shi kaɗai kafin ya bari a karanta shi a gaban aji.