Henri Pirenne da Zargin Rufe Bahar Rum

A littafinsa Mahomet et Charlemagne, wanda ya fito a 1937 bayan rasuwarsa, masanin tarihi ɗan Beljiyam Henri Pirenne ya yi da'awar cewa faɗuwar daular Rum ta Yamma a 476 ba ta karya tsohuwar duniyar Turai ba. A ganinsa futuhatin Musulunci na ƙarni na 7 da na 8 ne suka datse cinikin Bahar Rum. Hujjarsa ita ce ƙarancin kuɗin zinare, siliki, kayan yaji da takardar bardi a ƙasar Faransa.

Hujjar tana da rauni. Fadar Fafaroma ta ci gaba da rubutu a kan bardin har cikin ƙarni na 11. Sarki Offa na Mercia a Ingila ya kwaikwayi dinarin Halifa Mansur na shekarar 157 Hijiriyya, da kalmar shahada a jikinsa. Giwar da Haruna Rashid ya aika wa Sharlaman kuwa ta isa Aachen a 802. Mafi ƙarfi duka, Hodges da Whitehouse sun nuna a 1983, daga abin da aka tono a ƙasa, cewa cinikin ya soma durƙushewa tun kafin Hijira.

Duk da haka, Pirenne ya cancanci yabo da ya sanya Musulunci a tsakiyar tarihin Turai. Malamin da ke karantar da wannan babi a Birnin Kudu ko Gwaram zai iya kawo tambayarsa gaban ɗalibai, amma ya haɗa ta da dinarin Offa.