Tazara Tsakanin Me da Me?

Duk mai sauraren radiyo a ƙasar nan ya san kalmar "tazarar haihuwa". Tana bangon likita, tana allunan bakin hanya, tana bakin ƴan wasan kwaikwayo. Kuma gaskiya ta yi aiki. Lokacin da ake cewa "ƙayyade iyali" mutane toshe kunne suka yi, don a wajen Bahaushe ƙayyadewa ta Allah ce, ba wanda ya isa ya yanke adadin ƴaƴansa. "Tazara" kuwa ta sauka kan abin da aka riga aka sani. Kakanninmu suna ƙin kwanika, wato mace ta yi ciki tana goyo, suna kuma son yaro ya sha nono wajen shekara biyu kafin yaye, abin da addini ma ya ƙarfafa. Shi ya sa malamai da yawa ba su ga aibinta ba.

Amma ƴan uwa, mu duba kalmar da kyau. Tazara ba ta samuwa sai tsakanin abu biyu: tsakanin gari da gari, tsakanin shuka da shuka, tsakanin wa da ƙane. To amaryar da aka kai ɗaki tana ƴar shekara 15, ba ta taɓa haihuwa ba, tazara tsakanin me da me za ta yi? Kalmar da kanta ta gaya mata: ba da ke ake ba, haihu tukuna. Haka ma "hutu" da wasu ke cewa. Wanda ya yi aiki shi ke hutawa. Ko hoton da aka saba zanawa a allunan, mace ce da goyo a baya, wani yaron a hannu.

Waɗannan da kalmar ta tsallake ba kaɗan ba ne. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, a jahar Maraɗi ma adadin ya kusa 90. Kuma cikin fari na yarinyar da ƙugunta bai gama ƙwari ba yana cikin masu haɗari ƙwarai: doguwar naƙuda, jijjiga, yoyon fitsari. Asibitin Danja da ke kusa da Maraɗi ba don ado aka buɗe shi ba.

Wani zai ce ai maganin kyauta ne tun 2006, wadda take so ta je ta karɓa. Nan ma akwai maganar harshe. Yawancin saƙonnin da "ki" suke zuwa: ki je likita, ki sha ƙwaya, ki yi allura. Amaryar ƙauye fa ba ta fita sai da izinin miji, kuma uwar miji na ƙirga watanni tun daren da aka kawo ta. In shekara ta zagayo shiru, za a fara raɗa wata kalma da ta fi duk na radiyo nauyi: juya. Yarinyar da ke tsoron wannan suna, kyautar magani ba za ta kai ta layin likita ba, inda maƙwabta za su gan ta.

Tsoron nan kuma ba a amsa shi yadda ya kamata. Ana cewa kawai jita-jita ce, allura ba ta hana haihuwa. Gaskiya ne ba ta mayar da mace juya, amma allurar wata uku takan jinkirta ɗaukar ciki na wasu watanni bayan an daina, takan kuma rikita al'ada. Ashanar hannu kuwa, da an cire ta mace na iya ɗaukar ciki ba da daɗewa ba. In ba a faɗi wannan da Hausa mai sauƙi tun farko ba, ranar da al'adar yarinya ta ɗauke, maganar tsohuwar gida ce za ta ci.

Makarantar mazaje da aka fara a jahar Damagaram ta gano rabin matsalar, tunda ta juya magana zuwa ga maigida. Saura uwar miji, saura kuma kalmar kanta.

Ba cewa nake a jefar da "tazara" ba. Ta dace da matan da aka yi ta dominsu. Abin da babu shi ne kalma ta biyu, ta amarya, wadda uwar miji za ta iya furtawa a tsakar gida ba tare da jin kunya ba. "Jinkirta cikin fari" daidai ne, amma ƙamshin ofis gare ta. Tsofaffi da kansu sukan ce yarinya "ba ta ƙosa ba", ko "a bari ta yi ƙwari". Daga irin wannan bakin ya kamata a nemo ta, ba daga fassarar takardun Faransanci a Yamai ba.

Mu da muke komawa ƙauyukanmu lokacin hutu, wannan aiki ne da za mu iya. Mu zauna da ungozomomi da iyayenmu mata, mu ji yadda suke kiran abin, mu rubuta, mu kai wa masu shirya saƙonnin.