Haƙƙin Mai Rawa Bayan an Tashi Taro

Duk wanda ya san Gaya ta ƙasar Nijar, garin da Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya, gada ta haɗa shi da Malanbil ta ƙasar Benin, Kamba ta Nijeriya kuwa tana nan kusa, ya san rawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Dandi. A zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da ƙungiyar matasa ta Samariya take da ƙarfinta, bale yana cikin fannonin da jihohi suke gasa a kai a bikin matasa na ƙasa, samari da ƴan mata sukan kwashe watanni suna bita, har su tsara labari guda wanda kiɗa da waƙa da taku za su isar da shi ba tare da dogon zance ba.

Yau al'amarin ya sake. Rawa ta koma ƴan daƙiƙu a cikin waya, ko kuwa tarbar manyan baƙi a bakin gari, inda za a tara yara cikin rana su yi ta tsalle, baƙo ya wuce, a sallame su da abin da bai kai kuɗin sabulu ba. Ban ga laifin waya ba. Abin da na gani illa shi ne, da a da da yanzu, ba a ɗauki mai rawa ma'abocin sana'a ba, balle a tambayi abin da zai ci ranar da gwiwa da ƙugu suka ƙi.

Alhali kuwa waɗanda suka riga mu mayar da wannan fanni aiki sun lura da haka tun tuni. Makarantar rawa ta Opera ta birnin Paris, wadda aka kafa a 1713 zamanin Sarki Luwi na 14, takan karɓi ɗalibi tun yana ƙarami, ya yi shekaru yana horo kullum, in ya sami shiga ƙungiyar rawar Opera kuma ya ajiye aiki yana da shekara 42, da fansho, saboda an tabbata jiki ba ya jure wannan wahala har tsufa. Kada a ce wannan sai Turawa: ƙungiyar rawar da Fodeba Keita ya kafa ta zama ta ƙasar Gine bayan samun mulkin kai a 1958, Germaine Acogny kuma ta gina makarantarta ta rawa a Tubab Jalau ta Senegal.

Na san malamai suna da maganganu game da kiɗa da rawa, na kuwa bar musu wannan mas'ala, don su ne ahalinta. Amma babin ijara a littattafan fiƙihu bayyananne ne: wanda ya kira mutum aiki, wajibi ne a ambaci lada tun farko, a kuma biya ba jinkiri.

Saboda haka ina roƙon hukumomin gari da masu kula da al'adu, kada a ƙara kiran wata ƙungiya rawa sai da yarjejeniya a rubuce, tsofaffin ƴan bale da suka rage kuma a ɗauke su koyarwa a gidan matasa, da albashi duk wata.