Littafin Sarauniya: baka muka gani, ina mazari?

Ya kai mai karatu, ka san Lugu, can ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. A 1980 Abdulaye Mamani ya rubuta littafi da Faransanci a kan Sarauniya Mangu. A 1986 Med Hondo ya mai da shi sinima, har ya ci babbar kyauta a Wagadugu a 1987.

Littafin ya yi aiki. A watan Afrilu na 1899 sojan Faransa, ƙarƙashin Bule da Shanuwan, suka faɗa wa Lugu, bayan sun ƙone garuruwa da yawa a hanya. Sarauniya ba ta miƙa wuya ba. Mamani ya fid da sunanta daga daji ya kai shi duniya. Wannan kam sai godiya.

Amma ga inda ban yarda da shi ba. Ya ba ta baka da kibiya tun tana yarinya, ya sa ta gaban mayaƙa, kamar ba ta da wani aiki sai yaƙi. Je ka Lugu ka tambaya. Sarauniya mai zaman ɗaki ce, tana kaɗi da mazari. Ba da ƙarfi ake hawan sarautar ba: gawar wadda ta rasu ake ɗauka, ita ke nuna magajiya, abin da ake kira tarkama. Masu gardama kuma wajen dutsen Tunguma suke zuwa neman gaskiya. Yaƙin kwana ɗaya ne, raba faɗa kuwa aikin shekara da shekaru. Marubucin ya ɗauki kwana ɗayan, ya bar sauran a baya.

Haka ake yi wa mata ko'ina. Wadda ta riƙe makami a yi mata waƙa, wadda ta hana a zub da jini a manta da ita. Matan Laberiya dai sun tsira daga mantuwa. A 2003, Musulmi da Kirista, suka sa fararen tufafi, suka tare ƙofar zauren taro a Akara, suka ce shugabannin yaƙi ba za su fita ba sai sun shirya. Jagorarsu Lema Bowi ta sami kyautar Nobel a 2011.

Kai da ka iya rubutu yanzu, a garinku akwai tsohuwar da ta taɓa shiga tsakanin manomi da makiyayi. Ɗauki alƙalami ka je wurinta tun tana da rai.