Tatsuniya Marar Ƙurunƙus: Sharhi a Kan Wasannin Jarumta na Waya

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, na san wani zai ce me ya kawo zancen wasan waya cikin mujallar adabi. Amsata ita ce, duk abin da yake da tauraro da abokin gaba da doguwar tafiya ta neman wani abu, to labari ne, kuma muna da ikon auna shi da mudun da muke auna Ruwan Bagaja. Wasannin da nake nufi su ne waɗanda ake saukewa kyauta a waya, a shiga ta intanet, mutum ya zaɓi jarumi ya raɗa masa suna, sa'an nan ya faɗa wata ƙagaggiyar duniya ta dodanni da matsafa, inda zai iske dubban mutane irinsa daga ƙasashe dabam dabam. Samari dai gem suke ce musu duka.

Asalin abin a kan tebur aka fara shi a Amurka a 1974, da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, inda mutum ɗaya ke jan labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki matsayin jarumi guda. Daga baya aka mai da shi cikin kwamfuta, aka sami irin su RuneScape na Ingila a 2001, da Genshin Impact na ƙasar Sin a 2020. A wajenmu, watau Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, na fi ganin marasa nauyi a hannun samari, irin su Clash of Clans da Free Fire, domin Genshin sai babbar waya da data mai yawa. Free Fire na harbi ne, ba na takobi ba, amma zubin ɗaya ne: suna, da mataki, da ƙungiya, da lu'ulu'un da ake saye.

To, me ke jan su? Da farko dai abin ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato. Duk wanda ya san wasan Kalankuwa ya san yadda samarin ƙauye kan naɗa Sarki da Alƙali da Gwamna bayan kaka, ɗan talaka ya yi 'yan kwanaki ana faɗuwa ana gaishe shi. Haka kuma wanda ya karanta Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya san daɗin ganin yaron da ya yi shekaru ba ya iya tafiya ya miƙe ya zama gwarzon da sarki ke taƙama da shi. Bambancin kawai shi ne, mai karatu ɗan kallo ne, mai wasa kuwa shi ne Iliyan da kansa.

Amma a ganina akwai dalilin da ya fi wannan zurfi, shi ne gaskiyar lissafi. A cikin wasan, in ka kashe dodo goma za a rubuta maka goma, in ka cika abin da aka ce za ka hau mataki, ba a tambayarka ɗan wane ne kai, ba a neman takarda daga wani babba. Sai mai karatu ya gwada wannan da halin saurayin da ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, ya rungumi takardarsa shekara da shekaru, ko manomin ƙasar Zurmi da ya yi shuka da noma, amma girbi ya gagara sai ya biya 'yan bindiga. A shekarun nan da hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ta zama abin shiga da addu'a, ga wata duniya a tafin hannu inda za ka ratsa daji da tsakar dare, in ma an kashe ka ka tashi ka sake. Wanda ya raina wannan daɗi, lalle bai san abin da ake gudu ba. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara: da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, duk sarautun nan da rundunonin nan sun yi makonni ba mai iya leƙa su.

Yanzu bari in zo ga inda nake da ja, ta fuskar adabi. Kowace tatsuniya tana da ƙurunƙus. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan Bagaja, ya sha wuya, ya yi ta karo da Malam Zurƙe, amma ya komo da ruwan aka warkar da ɗan sarki, Abubakar Imam ya ajiye alƙalami. Ƙarshen nan shi ne ke ba wahalar tafiya ma'ana. Shi kuwa matafiyin Genshin ya fita neman ɗan'uwansa tun 2020, kusan kowane mako shida kamfanin ya ƙara sabon babi, shekaru suka yi ta wucewa ana buɗe sabuwar ƙasa, labari bai kai gaɓa ba. Wannan ba kasawar marubutan ba ce, da gangan ne. Ranar da aka ce ƙurunƙus, ranar kasuwa ta tashi.

Kasuwa kuwa ba ƙarama ba ce. Wasan da aka ce kyauta ne ya tara fiye da dala biliyan ɗaya a wayoyi kaɗai cikin wata shida na farko. Yadda abin yake shi ne, jarumai mafiya daraja ba a sayar da su kai tsaye, sai dai ka sayi ƙuri'a ka ja. A Genshin, rabon samun mafi daraja a ja guda shida ne cikin dubu, sai dai an yi alkawarin ba za ka wuce ja casa'in ba ka samu ba. Mai karatu ya faɗi sunan wannan da kansa. Hukumar ƙasar Beljiyam dai tun 2018 ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake biya caca ne. Ga kuma wata dabara: a ba ka 'yar kyauta kullum don ka leƙo, in ka tsallake rana ka ji kamar ka yi asara.

A nan ne jigon jarumta ya karye. A adabinmu kirari ba a sayensa. Ƙaura ta ɗauki sunan Namoda ne saboda abin da ya yi a fagen fama, har da yaƙin da aka ci Alƙalawa a 1808. A yi adalci dai, a wasu wasannin abin da kuɗi ke saye galibi ado ne, kamar kayan doki ran hawan salla, kuma ƙwararre marar ko kwabo yakan kayar da mai kuɗi. Amma wa ake yi wa adon? Mai wasa kyauta, shi ne taron da mai biya ke ratsawa ana kallonsa. Watau ba a ba shi wasan don Allah ba, an ɗauke shi aikin cika fada ne, yana biyan data da kuɗin caji daga aljihunsa.

Abu na ƙarshe, dodannin nan ba namu ba ne, na tatsuniyoyin Turai ne da na Gabas mai nisa. Ba kuwa don abin ya gagari Afirka ba, domin wani kamfani a Kamaru ya fitar da Aurion a 2016, da kaya da sunaye irin na nahiyar nan. Mu ma ga rijiyar Kusugu da macijinta, ga kufan Alƙalawa, ga dutsen Kwatarkwashi da labaran iskokinsa. Inda na ga za a sha wuya shi ne wajen Gizo. Duk tsarin wasannin nan a kan tara ƙarfi aka gina shi, yau ka fi jiya, gobe ka fi yau. Gizo kuwa yadda ya shiga tatsuniya haka yake fita, ba takobi ba sulke, da baki kawai yake kayar da Zaki da Kura, wani lokaci ma a kama shi a yi masa dukan tsiya. Ina son ɗaliban kwamfuta da ke cikin ƙungiyarmu su gaya mana a fitowa ta gaba yadda za a ƙirga wa irin wannan jarumi mataki.