Gidan Makama na Kano: Tsokaci a kan Ma'aunin Darajarsa

1.0 Gabatarwa

Yawancin abin da ake rubutawa game da Gidan Makama yakan tsaya ne a kan tsufansa. Akan ce an gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, kafin ya zama Sarkin Kano (1463-1499). Turawa sun yi ofis a cikinsa bayan cin Kano a 1903, yanzu kuma yana cikin gine-ginen tarihi na ƙasa. Manufar wannan tsokaci ita ce nuna cewa shekaru kaɗai ba su isa ma'aunin darajarsa ba.

2.0 Fasalin Ginin

Ginin ƙasa ba ya zama yadda aka bar shi. Kowace damina sai ta ci rabonta, da rani kuma a sabunta yaɓe. Saboda haka da wuya a nuna wani bango a ce ƙasarsa ta zamanin Rumfa ce. Abin da ya iso gare mu shi ne fasaha.

Ana ganin wannan fasahar a rufin soraye. Azarar giginya tana da ƙarfi, gara ba ta cinta, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta yi faɗi. Sai magina suka riƙa ɗaura azara a kan azara daga bango, kowace tana ɗara ta ƙasanta, har su haɗu a sama su zama baka. Da haka aka sami ɗaki mai faɗi ba tare da ginshiƙi ba. Kaurin bangon tubali kuwa shi ke tsare sanyi a ciki lokacin bazara.

3.0 Darajarsa ga Harshe

Kalmomi irin su tubali, birji, makuba, laso, ɗaurin guga da zanko suna raye ne muddin ana aikin da ya haife su. In aka shafe bangon ƙasa da siminti, danshi yakan maƙale a ciki har shafen ya ɓamɓare. Asarar ba ta tsaya nan ba, domin maginin gargajiya ya rasa aiki, almajirinsa kuma ya rasa inda zai ji sunayen.

4.0 Kammalawa

Adana Gidan Makama yana nufin adana masu iya gyara shi. Ya kamata manazarta harshe su zauna da magina a bakin aiki, su rubuta kowace kalma tare da abin da take nufi, tun masu ita suna nan.